Gwajin Magani a Jikin Mutane: Abin da Ya Faru a Asibitin Zana da Inda Aka Kwana

A farkon 1996, da zafi ya kankama, sanƙarau ya yi wa arewacin Najeriya dirar mikiya. Sama da mutum 100,000 suka kamu, kusan 12,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma yara ne suka fi jin jiki. A Kano annobar ta haɗu da ƙyanda da amai da gudawa, Asibitin Zana ya cika ya batse. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna can suna yi wa yara allurar kuloramfenikol kyauta, maganin da aka daɗe da sani, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a irin wannan annoba. Ana cikin haka tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta sauka a asibitin da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda bai kai ga samun lasisin sayarwa ba. Suka ɗauki yara 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar seftiriyazon, maganin da tuni aka tabbatar da ingancinsa. Cikin kimanin mako 2 suka gama, suka tattara takardunsu suka koma gida, annoba kuwa tana nan tana ci.

Yara 11 suka mutu cikin 200 ɗin, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɓangaren seftiriyazon. Wasu suka rayu da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa. Tun daga lokacin Pfizer na kan bakansa: cutar ce ta kashe yaran ta kuma nakasa sauran, kusan yara 94 cikin 100 sun rayu a hannun likitocinsa, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyayen sun amince da baki. Gaskiya ne sanƙarau shi kaɗai yana kurumtarwa yana kuma kisa, babu mai iya nuna yaro ɗaya ya rantse cewa da ba a ba shi Trovan ba da ya rayu. Shi ya sa nake ganin duk mai tsayawa kan ƙidayar mamata ya bar jaki yana dukan taiki. Ko da a ce babu yaron da ya mutu, tambayar tana nan daram. Iyayen nan sun san gwaji ake yi da 'ya'yansu? Sun san cewa a harabar asibitin akwai masu ba da sanannen magani kyauta? Waɗanda suka kai ƙara sun ce babu wanda ya faɗa musu ko ɗaya daga ciki, kamfanin kuma bai iya fito da takardun amincewa masu ɗauke da sa hannun iyaye ba.

Akwai abu biyu da suke kama da juna a ido, kuma rashin raba su shi ne tushen wannan rikici. Likitan da ke yi maka magani, kai ne gabansa: ya duba jikinka, ya zaɓi abin da yake ganin zai fi maka, in bai karɓe ka ba ya canza. Likitan da ke bincike kuwa amsar wata tambaya yake nema, don amfanin majinyatan da za su zo nan gaba. Farar riga ɗaya ce, gadon asibiti ɗaya ne, sirinji ma iri ɗaya, amma manufa ta bambanta. A bincike ba likita ke zaɓa maka magani ba, ƙuri'a ce ke jefa ka wannan rukuni ko wancan. Ba don mugunta ake haka ba. In aka bar likita ya zaɓa, zai iya karkata masu sauƙi-sauƙi zuwa sabon magani ko da bai yi niyya ba, sakamakon ya fito da ƙarya. Haka duk wani sabon magani yake bi: a fara da dabbobi, a koma kan mutane kaɗan don ganin ko jiki zai ɗauka, a faɗaɗa zuwa ɗaruruwan masu cutar don gano adadin da ya dace, sannan dubbai don kwatanta shi da wanda ake da shi, kuma ko bayan ya shiga kasuwa a ci gaba da sa masa ido. Wanda ya ce a hana gwaji a jikin mutane gaba ɗaya, ya ce ke nan kada a ƙara samun sabon magani.

Amma ƙuri'ar tana da sharuɗɗan da ke halasta ta. Dole masana su kasance cikin shakka ta gaskiya game da wanda ya fi tsakanin magungunan biyu, dole kuma rukunin da ake kwatantawa da shi ya samu cikakken magani ba tare da an tauye shi ba. A Kano an rage yawan seftiriyazon da ake yi wa yaran zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saba. Kamfanin ya ce don a rage musu raɗaɗin allura ne, kuma abin da aka bayar ya wadatar. Masu ƙara suka ce an yi ne don Trovan ya fito fes a takarda. Sannan an bai wa wasu yaran Trovan ta baki, alhali yaron da sanƙarau ya kwantar yana amai, cikinsa ba lallai ya tsotse ƙwaya yadda ake so ba, abin da ya sa aka saba yin allura ke nan.

A watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta buɗe takardun gwajin, ta ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 10 wadda a fayil lamba kawai gare ta, 0069. Nauyinta bai kai kilo 19 ba. Aka ba ta Trovan, washegari jikinta ya ƙara tsanani, idonta ɗaya ya kafe. Ba a canza mata magani ba, aka ci gaba da ba ta yadda aka fara, a rana ta uku ta cika. A wurina wannan fayil ɗin ya fi duk alƙaluman nauyi. Ƙa'ida ce cewa idan majinyaci yana ta'azzara a kan maganin gwaji, a cire shi daga binciken a ba shi abin da aka sani, ko da hakan zai ɓata lissafin masu binciken. A lokacin nan likita ya daina zama mai bincike, ya koma likitan yarinyar kawai.

Sai maganar kwamitin ɗa'a. Babu binciken da ya halatta a fara sai wani kwamiti mai zaman kansa, wanda ba ya cin moriyar sakamakon, ya karanta tsarin ya auna haɗari da amfani ya sa hannu. Pfizer ya gabatar wa hukumomin Amurka wata wasiƙa mai kwanan watan Maris 1996 da ke nuna kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya amince. Daga baya ta bayyana cewa a wancan lokacin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti, bayan an gama gwajin aka rubuta wasiƙar aka mayar da kwanan wata baya. Nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba baƙo ne ya rubuta ta ba, hannun ɗan gida ne. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin haramtacce ne da maganin da ba a yi wa rajista ba, amma rahoton ya kwanta a durowa har 2006 da ya faɗa hannun 'yan jarida. Shi kuwa Trovan, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba shi lasisi a ƙarshen 1997 don manya, ba ta taɓa amincewa a bai wa yara ba. A 1999, bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, aka taƙaita amfani da shi ƙwarai a Amurka, Turai kuma ta dakatar da shi.

Kada a ce a 1996 ba a san ƙa'ida ba. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi a Nurembag, aka rubuta dokoki 10 na gwaji a jikin ɗan Adam, ta farkonsu ita ce amincewar mutum da son ransa. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wadda ake ta yi wa gyara har 2024. Amurka kanta ta sha kunya a Taskigi, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan an samu fenisilin. Abin da ya haɗa waɗannan labarai da na Kano shi ne waɗanda abin ya faɗa wa: fursuna, talaka, wanda bai yi boko ba, wanda ba shi da wani asibitin da zai koma.

Shari'a ta ja dogon lokaci. Iyalai sun shigar da ƙara a Amurka a 2001, aka yi ta kai-komo, sai a Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa gwajin magani a jikin mutum ba da izininsa ba saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ne, don haka ana iya sauraron ƙarar. Gwamnatin Kano da ta tarayya sun kai tasu ƙarar a 2007. A 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Da aka zo biya, sama da mutum 500 suka fito neman gurbin 200, aka ce sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta. Sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai 4 na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Hasarar da ta fi wannan girma ba kotu ce ta ƙiyasta ta ba. A 2003 Kano da wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi da maganin hana haihuwa. Dalilan suna da yawa, har da siyasa da fushin yaƙin Iraƙi, amma duk wanda ya zauna majalisa a Kano a lokacin ya san sunan da ake ambata, wato Pfizer, idan aka ce zargin ba shi da tushe. Ai an taɓa yi, in ji mutane. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an samo rigakafin daga Indonesiya, daga ƙarshe kuma cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wannan tsakanin babu wanda ya biya su diyya.

To yau ina aka kwana? A takarda an yi nisa. Najeriya tana da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, wanda ya fitar da kundin ƙa'idoji a 2007, kuma shi ke yi wa kwamitocin asibitoci da jami'o'i rajista. NAFDAC ce ke ba da izinin gwajin magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rubutacciyar amincewa kafin bincike, ta kuma ce ma'aikacin lafiya ya yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, gwargwadon iliminsa. Kundin 2007 ma ya hana takardar amincewa wuce shafi 8, ya ce a rubuta ta yadda wanda karatunsa bai wuce shekara 9 ba zai gane. Idan mutum bai iya karatu ba, ƙa'idar duniya ta ce a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken ya zauna ya ji bayanin kafin a dangwala yatsa.

Sai dai takarda ba ta shiga ɗakin majinyata. Ka tsaya bakin gadon yaron da ke suma, uwarsa ta kwana uku ba barci, kuɗin da aka zo da su sun ƙare a kati da gwajin jini. Wani mai farar riga ya zo ya ce akwai wani shiri, magani kyauta, gwaje-gwaje kyauta, har da kuɗin mota. Ya fara karanto mata haɗurran, ta katse shi: "Likita, duk abin da ka ga ya dace ka yi. Bayan Allah sai ku." Ta miƙa babban yatsa. A dokance an samu amincewa. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Matar nan ba ta auna komai ba, ba ta ma san ƙuri'a ce za ta zaɓa wa ɗanta magani ba, ta ɗauka likita ne ya ga ya fi masa. A nan ake gane mai bincike na ƙwarai. Zai dakata ya ce, "Hajiya, ki saurare ni. Ko kin ce a'a, za mu duba ɗanki yadda muke duba kowa. Ko kin yarda yau, gobe kina iya fasawa, ba mai jin haushinki." Sannan ya nemi ta maimaita masa abin da ta fahimta da bakinta. Idan ba ta iya faɗin cewa gwaji ne, kuma tana da zaɓi, to yatsan da ta dangwala bai ɗauke masa alhaki ba. Wannan matakin na maimaitawa ya fi kowane shafi na takardar amfani, kuma shi aka fi tsallakewa, saboda yana cin lokaci, yana kuma rage yawan masu shiga.

Kunya da girmama na gaba, waɗanda muke alfahari da su, a nan suna iya zama tarko. Mutum yana jin nauyin ya yi wa likita tambaya biyu a jere. In mai unguwa ko liman ya ce shirin alheri ne, sai kowa ya bi. Neman izinin masu gari kafin a shiga gari daidai ne, ladabi ne, kuma yana kare jama'a daga 'yan damfara. Amma izinin hakimi na shiga gari ne kawai, ba ya maye gurbin na mutumin da za a soka wa allura.

Wannan matsala ba ta tsaya a bincike ba, kullum tana faruwa a ɗakin haihuwa. Naƙuda ta yi tsawo, likita ya ce sai an yi tiyata, matar tana cikin hayyacinta ta yarda, amma ana jiran maigida da ya tafi kasuwar ƙauye, waya ba ta shiga. Shawara da miji da iyaye abu ne mai kyau, yawancin mata ma suna son haka, kuma sau da yawa su ne masu biyan kuɗin. Amma baligar mace mai hankali, doka ita ta bai wa ikon amincewa da abin da za a yi a jikinta, kuma rai ba ya jiran sa hannu. Kotun Ƙolin Najeriya ta yi magana kan iyakar wannan iko har sau biyu. A 2001, a shari'ar Dokta Okonkwo, ta wanke likitan da ya mutunta ƙin ƙarin jini da wata mabiyar Shaidun Jehobah ta yi har ta rasu, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa. A 2019 kuma, a shari'ar Esabunor da Faweya, ta goyi bayan likitan da ya ƙara wa jariri jini bisa umarnin kotu duk da ƙin mahaifiyarsa. Babba yana iya zaɓar wa kansa haɗari, amma ba shi da ikon zaɓar wa yaro mutuwa. Wannan ya dace da abin da muka taso muna ji, ba cuta ba cutarwa, kuma yaro amana ne. Saboda haka ne bincike a kan yara ya fi kowane tsauri: wanda zai ɗauki haɗarin ba shi ne ke cewa na yarda ba.

Duk da haka ina tsoron darasin da wasu suka ɗauka daga 1996, wato a rufe ƙofa ga duk wani bincike. Mu ne za mu yi asara. Rigakafin MenAfriVac, wanda aka gwada a Indiya, Mali, Gambiya, Senegal da Gana bisa ƙa'ida, aka fara yi a Burkina Faso, Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ya iso Najeriya a 2011. Kuɗinsa bai kai rabin dala ba, kuma nau'in sanƙarau na A, wanda ya yi ɓarnar 1996, tun 2017 ba a sake tabbatar da shi a yankin ba. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ke kare nau'i 5 a allura ɗaya. A Asibitin Malam Aminu Kano ɗin nan da aka yi amfani da sunansa a wasiƙar bogi, likitocinmu sun jagoranci binciken da ya nuna maganin haidiroksiyuriya yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, a wurin da ƙarin jini duk wata ya fi ƙarfin iyaye. Ko a tsakiyar annoba ana iya yin bincike mai tsafta, kamar yadda aka gwada rigakafin Ebola a Gini a 2015. Idan ba a gwada magani a jikinmu ba, za a kawo mana wanda aka auna a jikin wasu, masu wani abinci da wasu cututtuka daban.

Inda nake ganin rauni ya rage shi ne bayan an sa hannu. Kwamitin ɗa'a ya karanta tsari a ofis ya amince, amma wa ke zuwa ƙauyen ya ga yadda ake karɓar amincewar? Mambobin kwamitocin nan likitoci ne da malaman jami'a masu ayyukansu, galibi abokan aikin mai binciken ne, wani lokaci ma shi ne na gaba da su, kuma kuɗin tafiyar da kwamitin yakan fito ne daga abin da masu bincike ke biya don a duba takardunsu. Tallafin bincike daga waje yana kawo albashi da motoci da injina ga asibitin da ke fama da rashin wuta, cewa a'a ga irin wannan sai mai ƙarfin hali. Ya kamata gwamnatocin jihohi su ware wa kwamitocin kasafinsu na kansu, da mota da mai, don su riƙa kai ziyarar ba-zata, su zauna da iyaye su tambaye su abin da aka faɗa musu. A sa malamin addini da mace daga cikin al'umma waɗanda ba sa karɓar albashi a asibitin, masu ƙuri'a daidai da ta farfesa. Duk wanda aka sa a bincike kuma a ba shi kwafin takardarsa da Hausa, da boko ko da ajami, ko a naɗa masa bayanin a wayarsa, tare da lambar kwamitin da zai kira idan ɗansa ya fara amai da daddare, da sunan wanda zai biya kuɗin jinya idan maganin ya yi illa.